Rijiyar da Ubana Ya Gina

A bayan gidanmu na Illela akwai garka, a tsakiyar garkar akwai rijiya, kuma ubana ne ya gina ta. Na fara da wannan ne domin sau biyu a rayuwata na tsaya gaban alƙali na ce ba shi ya gina ba. Yanzu da na koyi bokon nan da furfura a kaina, bari in rubuta gaskiyar ita ma, tunda ƙaryar ta daɗe tana kwance a takarda.

Rani biyu ya yi yana gina ta, tun Nasara ba su zo ba, shi da wani maginin rijiya daga Amarawa. A gaba ta bakwai suka tarar da dutse, maginin ya ce a cike a sake wuri, ubana ya ce ko dutsen ya fashe ko shi ya fashe. Dutsen ne ya fashe, amma tarin da ya ɗauko a cikin ramin nan bai rabu da shi ba har kabari. A gaba ta goma sha biyu ruwa ya ɓullo, garai, mai sanyi, ba irin na rijiyar unguwa ba mai zartsi, wanda in ka dama fura da shi sai ka ji kamar an jefa mata kanwa. Ya je dajin Tozai ya saro kirya huɗu ya gitta a bakin rijiyar. Shekara da shekaru igiya tana cin itacen, har kowace mace a gidan ta sami gurbinta. Na mahaifiyata, da muke kira Inna, yana gabas, ya fi kowanne zurfi, ya yi sulɓi kamar cikin ludayi. Ba mai sa igiya a gurbin nan sai ita. Mai ɗakina ta gwada sau ɗaya tana amarya, ba ta sake ba.

Ni sana'ata fatauci ce da jakai. In kai goro da saƙi Ƙwanni, wani lokaci har Tawa, in komo da kanwa da gishiri. Lokacin da Turawa suka zo suka kakkafa duwatsu tsakaninmu da Ƙwanni, suka ce nan na Ingilishi can na Faransa, dariya muka yi. Jakina bai san dutse ba, ni ma ban sani ba. A Ƙwanni mai masaukina wani tsohon baduku ne, kuma yana da ɗa sa'ana. Ƙwarya ɗaya muke ci da ɗan nan, tabarma ɗaya muke kwana. Shi yake ɗinka mini salka da mangala, in ce nawa, ya ce in rufa masa baki. Ni mai surutu, shi kuwa sai ya yini bai yi magana goma ba. A lokacin na ɗauka rashin maganar nan kunya ce.

Shekarar da Faransa suka shiga kamun maza suna kai su yaƙinsu, ran nan kasuwar Illela na ci, sai ga ɗan badukun nan cikin 'yan kasuwa, da matarsa, da 'ya'ya biyu, da jakar basilla a rataye. Ko tabarma bai ɗauko ba, don kada a gane gudu ne. Tsohonsa ya riga ya rasu. Ya zo ya tsaya a zaurenmu.

Inna ce ta yanke hukunci, ba ni ba. Ta leƙo ta ce mini, "Mi kaka jira? Ubanai ya cishe ka shekara nawa? Ba shi garka shi yi ɗaki."

Na ba shi aro. Ban kira shaida ba, wa yake kiran shaida don ya ba abokinsa wurin kwana? Muka yi masa bukka biyu, muka ja zana tsakanin gidan da garkar don matarsa ta sake. Da muka ja zanar, rijiya ta faɗa ta wajensa, sai muka bar kafa daidai wucewar mace da tulu. Ba a yi kwana bakwai ba ya ɗinka wa Inna wasaki sabo, wato guga, na fatar akuya, ya kawo ya durƙusa ya ajiye. Ta yi ta sa masa albarka.

Ba shi kaɗai ya gudo ba. A unguwarmu kusan kowane gida na uku akwai baƙo daga can. Bayan kaka sai labari ya zo cewa kumandan Faransa na Ƙwanni ya rubuto wa Baturen Ingilishi takarda, yana son a mayar masa da mutanensa, kuma Bature zai zo rangadi ya tantance. Ƙa'idar da aka ce ya zo da ita ita ce, wanda ya gaji gida a nan ya zauna, wanda ya zo jiya a tasa ƙeyarsa. Dattawan unguwa suka taru a masallaci bayan azahar suka yanke shawara: kowa ya tsaya wa baƙonsa, ya ce ɗan gari ne, gado ya ci. Liman bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba, ya dai tashi ya fita gyara alwala.

Bature ya zo, aka kafa masa kujera a ƙarƙashin gawo a ƙofar mai gari. Tafinta yana tsaye a bayansa. Alƙali yana gefe a kan buzu, malaminsa kuma ya ɗora wani ƙaton littafi a cinya. Littafin nan sabon abu ne, Turawa suka kawo shi. Mu da muka saba, shari'a a baki take, a yi ta a gaban dattawa, su riƙe ta a ka, su san dalilin da ya sa aka faɗi kowace magana. Ban ko dubi littafin ba sau biyu.

Da aka zo kanmu na ce garkar nan ta uban wannan mutum ce, shi ya tafi Ƙwanni koyon dukanci ne kawai ya komo. Tafinta ya juya. Bature ya yatsina fuska ya yi magana. Tafinta ya ce wai ya zagaya unguwar da safe, ya ga bukkokin, jinkarsu sabuwa ce, ko damina biyu ba ta sha ba.

Na waiwaya na ga mutumina. Gumi ya jiƙa masa riga, dogari kuma ya riga ya matso kusa da shi. A nan ne bakina ya ja mini. Da na tsaya a kan abin da dattawa suka tsara, ko ya isa ko bai isa ba, Allah ya sani. Amma ni ɗan kasuwa ne, ban saba a taya mini kaya in yi shiru ba.

Na ce, "Ranka shi daɗe, jinka kowace shekara sake ta aka yi. A tahi a dubi rijiya. Ubanai na yag gina ta da hannunai, gaba goma sha biyu, ta cikin dutse. Baƙon jiya shina gina wagga?"

Bature ya tashi da kansa, muka bi shi duu har garka. Ya leƙa rijiyar, ya jefa tsakuwa ya saurara, ya sa yatsa ya shafa guraben igiya a jikin kiryar. Ya gyaɗa kai. Muka koma gindin gawo, malam ya rubuta, alƙali ya karanta mini ya ce, "Haka na?" Na ce haka na. Aka sallami mutumina.

Kai, ranar na sha kirari! Har wasu suka riƙa aron dabarata, wannan ya ce uban baƙonsa ya shuka kuka, wancan ya ce shi ya kafa turke. Ina tafe ina hura hanci, wai na yi wa Nasara wayo. A zaure mutumina ya kama ƙafata da hannu biyu yana kuka, ya ce ni ne ubansa, ni ne uwarsa, in ya manta wannan rana Allah ya manta da shi. Na ce ya tashi, ya bar abin kunya. Da na shiga gida na gaya wa Inna na ce ɗan gari ne, an bar shi. Maganar rijiya ban faɗa mata ba. Ko a ranar ma, cikin murnar nan, wani abu ya hana ni faɗa.

Shekara goma sha uku muka zauna haka, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, zaman daɗi muka yi. Ɗansa na uku a bayan Inna ya girma. Tuwonmu yana bi ta kafar zanar ya je, nasu ya biyo ya zo. Kamfanin Turawa ya fara sayen fata, shi kuma ya san fata kamar tafin hannunsa, sai ya ajiye basilla ya zama mai saye yana kai musu. Ya yi doki, ya yi riguna, mutane suka fara zama a ƙofarsa. Na yi masa murna, wallahi na yi. Namu laifin kuma ba zan ɓoye ba: wata rana akuyarsu ta cinye lallen Inna, mata suka yi cacar baki, mai ɗakina ta ce wa matarsa, mai zaman aro ba ta ɗaga murya. Na yi mata faɗa, na je na ba shi haƙuri. Ya yi murmushi ya ce maganar mata ce. Ashe ya ajiye.

Ranin da ya biyo na tafi Tawa, na yi kwana arba'in. Da na komo, tun daga bakin lungu na ga abin da ban bari ba. Zana babu. A wurinta katanga ce ta tubali, sabon yaɓe, mai tsawon da ko a kan raƙumi kake ba ka leƙa ta. Na shiga gida na bi ta da ido daga wannan kusurwa zuwa waccan ina neman kafar. Babu kafa. Inna tana zaune a kan 'yar kujerarta, ta fuskanci katangar, wasakinta a ƙasa ya bushe ya ƙanƙame. Mai ɗakina ta shigo da tulu daga rijiyar unguwa, wuyanta ya sanƙare.

Na ce, "Inna, mi ya hwaru?"

Ta ce, "Ni ka tambaya? Kwana uku da tahiyarka magina sunka zo. Na ce su bar ƙohwa, sun ce ba a ce masu ba. Kullum da sahe shina aiko tulu biyu. Ni ko ina maishe su. Ba ni shan sadaka daga rijiyar mijina."

Ko kayan jakai ban sauke ba. Na zagaya ta waje, domin yanzu sai an zagaya, na same shi a sabon zaurensa yana duba fatu. Ya tashi da fara'a, ya yi mini sannu da hanya, ya sa a shimfiɗa mini buzu. Ban zauna ba.

Na ce, "Aboki, magina sun yi mantuwa. Aika a kira su su huda ƙohwa."

Ya ce, "Ba mantuwa ta ba. Iyali sun shiga kulle, kuma mutane na shigowa."

"To a ja katanga baya, rijiya ta komo gidanta."

Ya shiga shafa wata fata, kamar yana neman huda a jikinta. Can ya ce, a hankali, ba tare da ya dube ni ba, "Gidanta take."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce ya maimaita. Sai ya yi magana mafi tsawo da na taɓa ji a bakinsa. Ya ce shekara goma sha uku yana kwana a kan ƙasar da in mace ta fusata sai ta tuna masa ta aro ce. Ya ce ni ya yarda da ni, amma in na mutu gobe 'ya'yana za su kori nasa, kuma Ƙwanni ba shi da ko turke, an daɗe da cinye gidansu. Ya ce ruwa kuwa ba zai taɓa hana mu ba, ko tulu goma muke so.

Na ce, "Da ka zo ka ce mini in ba ka, da na raba garkar biyu na ba ka rabi gaban shaidu. Mi ya hana ka tambaya?"

Ya ce, "Ka riga ka ba ni. Gaban Bature."

Jama'a, ban san lokacin da na shaƙe shi ba. Masu kawo fata ne suka ɓamɓare ni. Na zage shi, na zagi basillar da ya zo da ita, na tuna masa ƙafata da ya riƙe yana kuka. Ko gezau. Ya gyara wuyan rigarsa ya ce a raka ni, gajiyar hanya ce.

Ban damu ba da farko, domin gari duka ya san wanda ya gina rijiyar nan. Na fara bi gida gida ina neman shaidu. Tsohon mai unguwa ya rasu, maginin Amarawa ya rasu, alƙalin da ya san yadda aka yi shi ma an daɗe da sauya shi. Amma akwai dattawa da yawa da suka sha ruwanta ranar da ta ɓullo. Kowa na je wurinsa sai ya yi salati, ya ce wannan cin amana ne, Allah wadai. In na ce to ranar Alhamis a gaban alƙali, sai ido ya koma ƙasa. Wannan zai tafi Lafani biki, wancan ƙafa ta matsa masa. Wani tsohon maƙeri ne kaɗai ya ji kunyata ya faɗa mini a fili.

Ya ce, "Ɗana, littahin nan ba taka kaɗai ba ta a ciki. Shahin da ab bayan naka, nawa na. In anka ce taka ƙarya ta, Bature na jin labari, sai a bi sauran ɗaya ɗaya. Faransa har gobe ɗibar mutane suka yi aikin hanya. Baƙona ɗiyatai na ɗakin ɗana, da jikoki huɗu. Ka yi haƙuri, ba ni zuwa."

Na fito daga maƙerar nan. A lokacin na gane mutumina bai yi garaje ba. Ya zauna ya auna kowa a unguwar, ya san ba mai buɗe baki, kuma ya auna ni fiye da kowa. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau. Da ƙarfi ya ƙwace, da sauƙi. Ya dogara ne da cewa ni ba zan iya yi wa mutane abin da shi ya yi mini ba.

Duk da haka na kai ƙara, zuciya ta riga ta ɗebe ni. Sabon alƙalin daga Sakkwato aka turo shi, matashi ne, mai karatu, kuma ban taɓa jin an ce ya karɓi ko goro ba. Zauren ya cika, rabin unguwarmu suna tsugune a bayana. Na yi bayani tun daga gudun mutumina har zuwa katanga, na ce aro na ba shi. Ranar da Bature ya zo kaɗai na tsallake. Alƙali ya juya wurinsa ya ce mi zai ce.

Ya ce, "Allah shi gafarta malam, ni ban iya magana ba. A duba littahi, shekarar da anka tantance baƙi."

Aka ɗauko shi, bangonsa duk gara ta taɓa, amma shafina lafiya lau. Malamin ya karanta da Larabci ya fassara. Na ji maganata tana fitowa daga bakin wani, ba a rage ko kalma ba, har gaba goma sha biyun, har dutsen, har baƙon jiya. A gindin gawo da na faɗe ta mutane murmushi suke ɓoyewa. A zauren nan ba wanda ya yi murmushi.

Alƙali ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kai na kah hwaɗi wanga?"

Na ce ni ne.

Ya ce, "To maganarka biyu ta gabana, kuma ba su zama tare. Ran nan kay yi ƙarya, ko yau? Ka yi tunani kahin ka amsa. In ran nan ta, ba ni da ikon rihe ta, sai na kai gaba."

Ya gaya mini a fakaice abin da maƙeri ya gaya mini a fili. Na waiwaya. Ga maƙerin, ga baƙonsa da ya tsufa yana kusa da shi, ga wasu uku da na san shafinsu na bin nawa. Ba wanda ya ɗaga kai. Na dubi mutumina, yana jan tasbaha a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai jiran a ta da salla. Ko alamar tsoro babu a fuskarsa, ya san amsar tun kafin in sani.

Na ce, "Abin da nac ce ran nan, haka shike."

"Uban wanga mutum na yag gina rijiya?"

"Shi na."

Alƙali ya sauke numfashi. Ya ce ko ba littafi ma, wanda ya ga ana zaune a wurinsa fiye da shekara goma bai ce uffan ba, da wuya shari'a ta saurare shi. Ya tabbatar masa da garka da rijiya da katanga. Malam ya sake rubutawa. Da muka fito, mutanen unguwa suka yi ta kama hannuna suna Allah ya saka. Na fizge. Mutumina ma ya matso zai yi magana, na tofar da yawu a gabansa na wuce.

Labari ya riga ni isa gida. Na tarar da Inna a tsaye, ita da ba ta iya tsayuwa sai da sanda. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "An ce ka ce ba ubanka na yag gina ta ba."

Na fara yi mata bayanin Bature, da dogari, da mutanen unguwa. Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Rai ka ceta, na ji, Allah shi ba ka lada. Amma ƙasa ba ta ishe ka kyauta ba, sai da ka haɗa da wahalar mutumin da ba shi nan balle shi ce a'a? Ni nika jan ƙasa da igiya shina ciki. Ni nika jin tarinai. Sau biyu, ɗan nan?"

Na ce sau biyu. Ta koma ɗaki. Ba ta sake ta da maganar ba, kuma na fi son da ta zage ni.

Shekara uku ta yi bayan wannan. Kullum da safe muna jin ƙarar guga ta bayan katanga, da muryar matan gidan, da ruwa yana zuba a tulu. Tulunan da yake aikowa ya yi wata biyu ana mayar masa, sannan ya daina. Ni da shi ko a masallaci sahu ɗaya ba ma tsayawa. Na gwada gina wata rijiya a tsakar gida, na kai gaba tara, zartsi ya fito, na cike. Inna ta sha ruwan unguwa shekara ukun nan tana yamutsa fuska, ba ta taɓa cewa a roƙo mata na can ba.

Da ciwon ajali ya kama ta, ran nan da hantsi ta sa aka kira ni. Muryarta ta yi ƙasa, sai da na kai kunne.

Ta ce, "Ban sha ruwan rijiyar ba, don ba ni son a ba ni. Amma da shi za a yi mini wanka. Kuma ba aikowa za a yi ba. Kai za ka tahi da ƙahwarka ka jawo."

Na ce to. Kafin azahar ta cika.

Na ɗauki tulu biyu, na ɗauki wasakinta da na jiƙa ya yi laushi, na fita ta ƙofar gidanmu, na bi lungu na zagaya. Daga ɗakin da take kwance zuwa rijiyar nan taku goma sha biyar ne in ba katanga. Na yi sallama a zaurensa, karo na farko tun ranar da na shaƙe shi. Ya riga ya ji kukan mata. Ya taso idonsa jawur, ya ce Inna uwarsa ce, ya ce bari ya sa a ɗebo ko tulu nawa ne. Na ce ba ɗebowa aka ce a yi ba, ni zan shiga.

Ya dubi tulunan da ke hannuna. Sannan ya yi abin da kowane maigida yake yi, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba, haka al'ada take. Ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya ya ce, "A shiga ɗaki, baƙo za shi shigo."

Na tsaya a zauren da tuluna a hannu, ina jiran a ba ni izni. Da aka ce bismilla na shiga, kaina a ƙasa kamar yadda baƙo yake yi. Lallen Inna an sare, an yi rumbu a wurin. Kiryar nan huɗu suna nan yadda ubana ya gitta su. Na zagaya gabas. Gurbinta yana nan, ƙasa ta cika shi, gizo-gizo ya yi saƙa a kai. Shekara uku matan gidan ba wadda ta sa igiya a ciki. Ko kunya ce, ko tsoro, ban tambaya ba.

Na sa yatsa na share ƙasar, na ɗora igiyar a gurbin, na saki wasaki. Mutumina ya biyo ni, ya miƙo hannu zai kama mini igiyar.

Na ce, "Sake. Ta ce ni."

Ya sake, ya koma gefe ya tsaya. Na jawo ni kaɗai, na cika tulun farko, na cika na biyu. Sannan na ɗauka na fita ta zaurensa, na sake zagayawa ta lungu, na kai wa masu wanka.